Hom Tiyata: Ki Leƙa Bayanta Kafin Ki Kira Mai Gyara

 Yau mun bar kicin ya huta, za mu zauna a falo gaban kayan kallo, mu yi magana a kan wannan na'ura mai tarin sifikoki da ake kira hom tiyata, wadda a yanzu da wuya a yi wa yarinya kayan ɗaki ba a sa ta a lissafi ba, amma kuma ba kasafai za ki shiga gida ki same ta a haɗe daidai ba.

Wata ƙanwata ce ta ja hankalina ga wannan batu. Wata uku da kai ta ɗakinta ta kira ni, murya kamar za ta yi kuka, ta ce, "Yaya, ina jin jabu aka sayar wa Baba. In na kunna fim kiɗa kamar zai tsaga ɗaki, amma maganar mutane sai na kasa kunne." To in ta ƙara sauti don ta ji maganar, da zarar waƙa ta shigo sai surukarta da ke sashen da ke jikin nata ta aiko yaro a ce a rage. Sau biyu aka yi haka. Maigidanta ya ce a mayar da kayan kasuwa, ita kuma tana jin nauyin abin ya koma kunnen Baba bayan ɗawainiyar da ya sha.

Da na je, abin da na tarar shi ne abin da kowa ya sani na ranar jere. Sifikoki biyar an jera su reras a kan teburin talabijin kamar 'yan makaranta, babbar kuma an lulluɓe ta da leshi an ɗora mata tukunyar fulawa. Mu mata mun yi jeren da ido zai so, sannan dab da magariba aka kira wani yaron maƙwabta ya cusa wayoyi a gurguje. Na ja teburin na leƙa baya, sai ga wayar sifika ɗaya, maƙalin ya ciji robar da ke jikinta maimakon jan ƙarfen da ke ciki. Na fere robar kaɗan da reza, na mayar. Nan take magana ta fito tar. Ko sisi ba a kashe ba.

Galibin abin da muke kira lalacewa a kayan sauti irin wannan ne: waya, wurin ajiya, ko wani maɓalli da aka danna ba a sani ba. Kuma abu ne da uwargida za ta iya da hannunta, ba sai ta jira maigida ya dawo daga kasuwa a gajiye ba, ba kuma sai an shigo mata da baƙon namiji har tsakar falo ba.

Kowace sifika da aikinta

A jikin kwalin za ki ga an rubuta 5.1, ko 2.1, ko 3.1. Lambar farko ita ce yawan ƙananan sifikoki, ɗayan da ke bayan ɗigo kuma ita ce babbar, wadda ake kira wufa, mai fitar da wannan dundum ɗin da kike ji har a ƙirji. Tsarin 5.1 daga gidajen silima ya fito. Kamfanin Dolby na Amurka ya fito da nau'insa na dijital a silima a 1992, sannan faifan DVD da ya fito a Japan a 1996 ya shigo da shi gidajen mutane.

Biyar ɗin nan ba abu ɗaya suke faɗa ba. Biyu na gaba, hagu da dama, su ke ɗauke da kiɗa da yawancin motsin fim. Ta tsakiya, wadda galibi kwanciya take yi ba tsayuwa ba, ita ke ɗauke da maganar 'yan wasa kusan gaba ɗaya, shi ya sa da tata wayar ta kuɓuce a ɗakin ƙanwata sai magana ta ɓace kiɗa ya rage. Biyu na baya kuma aikinsu ƙananan sautuka ne, kamar ruwan sama, hayaniyar kasuwa, ko motar da ta wuce ta bayanki. Ki juya kowace sifika ki duba, za ki ga an rubuta FL ko FR ga na gaba, C ga ta tsakiya, SL da SR ga na baya, SW ga wufa. Haka za ki ga an rubuta a bayan uwar na'urar.

Uwar na'urar iri biyu ce. Akwai wadda take akwati ne daban mai kama da DVD, akwai kuma wadda aka cusa ta a cikin wufar, wato a jikin wufar za ki ga maɓallai da ramin filash. Irin ta biyun ta fi yawa a kasuwanninmu kuma ta fi sauƙin kuɗi, sai dai da yawansu sautin hagu da dama kawai suke karɓa, su rarraba shi ga sifikokin duka. Ba laifi ba ne, amma kar ki sa ran jin mota ta zagaya ki.

Tunda an zo maganar kasuwa, bari in yi miki tsegumi. In kin ga kwali an rubuta wat dubu biyar ko dubu goma da manyan baƙaƙe, a gefe an sa PMPO, to wannan lambar ta talla ce. Wadda za ki nema ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, galibi da ƙananan rubutu, ita ke faɗin ainihin ƙarfin da na'urar za ta iya riƙewa.

Inda kowace za ta zauna

Ki fara da kujerar da kuka fi zama ke da maigida. Ki zauna a kai, ki ɗauka cewa ke ce a tsakiyar agogon bango, talabijin kuma shi ne ƙarfe 12. Sifikar gaba ta hagu wurinta ƙarfe 11, ta dama ƙarfe 1. Ta tsakiya tana ƙarfe 12, a ƙarƙashin talabijin ko a samansa, a bakin teburin ba can ciki ba. Na baya kuma ƙarfe 8 da ƙarfe 4, wato a gefenki amma sun ɗan koma baya. Wannan shi ne kusan tsarin da masana sauti suka tsayar, sun dai faɗe shi ne da ma'aunin digiri, 30 ga na gaba, wajen 110 ga na baya.

Na gaba su kasance daidai tsayin kunnenki in kina zaune, kuma su ɗan juyo su fuskance ki. Na baya ki ɗaga su kamar kamu biyu sama da kunne. A nan akwai abin da takardar da ke cikin kwali ba za ta gaya miki ba, domin waɗanda suka rubuta ta ba su san cewa a gidajenmu rabin 'yan kallo a kan kafet suke ba. In ku masu zaman ƙasa ne, kar a kafe talabijin can kusa da silin kamar na ɗakin jira a asibiti. Tsakiyar gilashin ya zo kusa da saitin ido, in ba haka ba ciwon wuya ne ke jiran ku. Talabijin mai inci 43 kuwa, tazarar mita 2 ta wadatar.

Na san falo da yawa kujeru a jikin bango suke, babu wani "baya" da za a sa sifika. To ki sa su a gefe da gefen doguwar kujerar, a kafe a bango suna kallon juna. Wayoyinsu a bi da su ta gindin bango a danne da ƙananan ƙusoshin waya, ko a cikin farar robar nan da masu wayarin ke amfani da ita. Kar a bi da su ta ƙarƙashin ƙofa ko ta inda ake jan kujera, domin a hankali za su tsinke ta ciki ba ki gani ba. Idan kuma duk ba zai yiwu ba, gara ki ajiye na bayan a kwali ki yi amfani da uku na gaba da wufa. Ya fi ki jera su duka wuri ɗaya, inda sautin da aka yi don ya zo daga baya zai riƙa cakuɗuwa da magana.

Ita wufa a ƙasa take zama, ba a kan tebur ba, ba kuma a cikin dibaida ba, in ba haka ba duk tangaran ɗin da ke ciki sai sun yi ta rawa. Kunne ba ya gane daga inda sauti mai kauri yake fitowa, saboda haka tana da 'yancin zama kusan ko'ina. Sai dai in kika tura ta lungu, ƙuginta zai ninku ya zama gurnani marar daɗi. Ki bar tazarar taƙi ɗaya ko biyu tsakaninta da bango. Sannan ki lura da wane bango ne. Sauti mai kauri shi ke ratsa gini, siriri ba ya wucewa sosai. In bangon nan shi ya raba ki da surukarki, ko abokiyar zamanki, ko maƙwabtan haya, to ki mayar da wufar ɗaya ɓangaren. Ke a ɗakinki kina jin fim ne, su kuwa dundum kawai suke ji babu magana, kuma babu abin da ya kai shi cin rai ga mai son barci.

Ɗakin da yake tayil ne zalla, ga bango babu komai, sauti zai yi ta amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya. Kafet a tsakiya da labule mai kauri sun fi miki sabuwar sifika amfani.

Haɗa wayoyi

Kafin ki taɓa komai ki zare fulogi daga soket. Kashewa da rimot bai isa ba.

Kowace wayar sifika tagwaye ce, ɗaya ja ɗaya baƙa, ko kuma ɗaya na da layi a jikinta. Ja ta shiga ja, baƙa ta shiga baƙi, a jikin sifikar da kuma a bayan na'urar. In kika juya ta a sifika ɗaya ba abin da zai ƙone, amma sifikokin za su riƙa ja-in-ja da juna, sautin ya fito a rame babu kauri. Ki fere robar kamar faɗin farce, ki murɗe siraran jan ƙarfen su haɗu wuri ɗaya, ki danna maƙalin ki cusa, sannan ki ɗan ja ki ji ko ta kamu. Ki duba da kyau kar silin ƙarfe ko ɗaya ya fito ya taɓa na kusa da shi, zan faɗi dalili nan gaba.

In wayoyin sun cakuɗe kin rasa wacce ce ta wa, ga dabara. Ki cire wayar daga bayan na'urar, ki ɗauko batirin rimot guda ɗaya, ki taɓa bakunan wayar biyu a kai da gindin batirin na ɗan lokaci kaɗan. Sifikar da ta ce "ƙas" ita ce mai wayar. Ki naɗa mata salatif ki rubuta sunanta da biro. Wata rana in kuka tashi ƙaura ko fenti, za ki yi mini addu'a.

Saura haɗa ta da talabijin, kuma nan ne aka fi ruɗewa. Hanya mafi kyau ita ce dikoda da duk wani abin kallo su shiga talabijin, sannan waya ɗaya ta fito daga talabijin ta kai sauti ga hom tiyata. Wannan wayar iri uku ce.

Ta farko kebul ɗin HDMI. Ki duba bayan talabijin ɗinki, cikin ramukan HDMI biyu ko uku akwai guda ɗaya da aka rubuta ARC ko eARC a gefensa. Shi kaɗai ne ke mayar da sauti waje, sauran karɓa kawai suke yi. An shigo da ARC a 2009, eARC kuma a 2017, saboda haka tsohon talabijin ba lallai ya kasance da shi ba. Dole ita ma hom tiyatar ta kasance da rami mai wannan rubutu. Bayan kin haɗa, sai kin shiga saitin talabijin kin kunna abin da ke ba na'urorin biyu damar fahimtar juna. Samsung na kiran sa Anynet+, LG na kiran sa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Daɗin wannan hanya shi ne rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙara sautin hom tiyata da rage shi.

Ta biyu siririyar waya ce mai aiki da haske, raminta an rubuta OPTICAL, in talabijin na kunne za ki ga jan haske a ciki. Sabuwa tana zuwa da 'yar hular roba a kowane baki, kuma mutane da yawa da hular suke ƙoƙarin cusa ta. Ki cire, sannan kar ki lanƙwasa wayar da ƙarfi.

Ta uku ita ce tsohuwar da muka saba, mai kai ja da fari. Fari hagu, ja dama, ruwan ɗorawa kuma na hoto ne, babu ruwansa da sauti. Kuskuren da ake yi shi ne a cusa ta a ramin talabijin da aka rubuta IN. Wanda kike nema shi ne OUT, ko ramin da ake sa abin saurare na kunne. Daga talabijin OUT, a hom tiyata IN ko AUX. Bluetooth kuwa ki bar shi don karatu ko wa'azin da ke cikin wayar salularki, a tazarar da ba ta wuce mita 10 ba. Wajen kallon fim yakan sa sauti ya makara.

Idan ta ƙi

Babu sauti ko kaɗan: kafin komai ki danna maɓallin INPUT, ko SOURCE, ko FUNCTION a rimot, ki yi ta juyawa har fuskar na'urar ta nuna ramin da kika sa waya. Yara na yawan danna shi, sai ta koma rediyo ko filash ta yi shiru tana jira. Sai ki duba MUTE. In waɗannan lafiya, kuma da HDMI ko wayar haske kika haɗa, ki shiga saitin sauti na talabijin ki zaɓi cewa sauti ya fita ta na'urar waje, sannan a inda aka ba ki zaɓin nau'in sauti ki sa shi a PCM. Kusan kowace na'ura na gane PCM, sai dai da yawa hagu da dama kawai zai ba ki. In ARC ne ya yi gardama bayan ɗauke wuta, ki zare fulogin duka biyun na minti ɗaya, ki fara kunna talabijin.

Na baya ba sa magana: sau da yawa lafiyarsu ƙalau. Yawancin finafinanmu na Hausa, da shirye-shiryen tashoshi, da abin da ake kallo a YouTube, da sautin hagu da dama kawai aka haɗa su, babu abin da aka tanadar wa na baya. In kina son ki tabbatar, ki nemi TEST TONE a rimot ko a saiti, na'urar za ta bi sifikokin ɗaya bayan ɗaya da wani "shhh". Wadda ta yi shiru a nan ita ce mai matsala. Ki musanya wayarta da ta wadda ke aiki. In matsalar ta bi sifikar, sifikar ce ko wayarta, in ta tsaya a ramin, na'urar ce. Idan kuma so kike duka biyar su riƙa aiki ko da wane shiri ne, akwai maɓallin SURROUND ko PRO LOGIC da ke rarraba sautin. Ni dai in karatun Alƙur'ani ko tafsiri zan saurara nakan mayar da ita STEREO, domin waɗancan salon masu sunan silima ko babban zaure suna ƙara wa murya amo har harafi ya dushe.

Magana ƙasa, kiɗa sama: bayan kin duba wayar ta tsakiya, ki shiga saitin sifikoki ki ƙara wa CENTER maki biyu ko uku, ki rage wa wufa. Akwai kuma NIGHT, wanda ke danne ƙarar fashewa da kiɗa ya ɗaga magana. Da ƙanwata ta san da shi da yaron surukarta bai yi sawu biyu ba.

Murya biyu-biyu alama ce cewa sifikar talabijin da hom tiyata suna aiki tare, ki kashe ta talabijin. Baki ya riga magana ko magana ta riga baki, ki nemi AV SYNC ko AUDIO DELAY ki daidaita.

Ƙugi kamar na ƙudan zuma ko da ba a kunna komai ba: ki zare wayar dish daga bayan dikoda ki saurara. In ya ɗauke, matsalar daga wayarin ƙasa ce tsakanin dish da soket, wannan kam aikin mai lantarki ne. In bai ɗauke ba, ki raba wayoyin sauti da wayoyin wuta, ki sa talabijin da dikoda da hom tiyata a ekstenshan ɗaya. Wayar salula da ke caji alhali tana haɗe da AUX ita ma tana kawo shi.

Tana kashe kanta, ko ta rubuta PROTECT: nan ne silin ƙarfen nan da na ce ki kula da shi yake shigowa. In ja ya taɓa baƙi, na'urar kan yanke kanta don kar ta ƙone. Ki zare fulogi ki bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, har da inda ɓera zai iya ci. Dalili na biyu zafi. A watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40 a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri, na'urar da aka lulluɓe da leshi, ko aka ɗora wa dikoda a kai, ko aka rufe a cikin gilashi, ba ta da inda za ta yi numfashi. In kina son rufe ta saboda ƙurar hunturu, ki rufe bayan kin kashe ta ta huce, ki buɗe kafin ki kunna. Ramukan iskarta ki riƙa share su da busasshen buroshi mai laushi, ban da jiƙaƙƙen tsumma.

Filash ya ƙi karantuwa: tsofaffin na'urori da yawa tsarin FAT32 kawai suke ganewa, kuma MP3 suka fi sani. Saƙon murya da aka naɗa a WhatsApp ba MP3 ba ne, sai an juya shi. Kafin a sauya wa filash tsari a kwashe abin da ke ciki, don gogewa zai yi. Rimot kuwa, ki saita kansa ga kyamarar wayar salularki ki danna kowane maɓalli. A yawancin wayoyi za ki ga ɗan haske yana ƙyaftawa in yana da rai. In babu, ki sauya batir duka biyun tare, ki goge farar tsatsar da tsohon batir ya bari.

Maganar wuta

Abin da ya fi kashe kayan kallo a gidajenmu ba yawan kunnawa ba ne, wuta ce. Lokacin da aka dawo da ita bayan ɗaukewa shi ne mafi haɗari, domin takan zo da ƙarfi a daƙiƙun farko. Ki sabar wa kanki da yaranki cewa da an ɗauke wuta a kashe soket ɗin bango. Ki sa sitabilaiza mai jinkiri, wadda ke ɗan dakatawa kafin ta saki wuta. Mai ƙarfin 1000VA ta ishi talabijin na zamani da dikoda da matsakaiciyar hom tiyata, da sharaɗin ba za a jona mata dutsen guga ko firij ko hita ba. Janareta kuma a tayar da shi ya daidaita kafin a kunna kayan kallo, a kashe su kafin a kashe shi, kuma kar a bari mai ya ƙare suna kunne, wannan shaƙewar da yake yi a ƙarshe illa ce gare su. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare fulogi, a zare wayar dish ita ma.

In na hannu aka saya, ko tsaraba ce daga waje, ki karanta rubutun da ke kusa da wayar wutarta kafin a jona. Wutar Nijeriya da Nijar tsakanin bolt 220 ne zuwa 240. Kayan Amurka na bolt 120 ne, na Japan 100. In kin ga 100-240V babu damuwa. In kuwa 120V kawai kika gani, jonawa ɗaya ta ishe ta, sai hayaƙi. Tana buƙatar tiransifoma mai rage wuta.

Yara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90 awa 4 ne kawai a mako, kuma ga yara an fi so kar a wuce 75. Ba ki da na'urar awo, amma ga ma'auni mai sauƙi: in sai kin ɗaga murya kafin wanda ke zaune kusa da ke ya ji ki, sautin ya yi yawa. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Yaro mai rarrafe kuma wufa yake nufa, ya kafa kunne a jikinta ko ya cusa cokali da biskit a raminta.

Dogayen sifikokin nan masu tsayuwa, da talabijin da ke kan tebur, yaro na iya janyo su su faɗo masa. A kafe talabijin a bango ko a ɗaure shi ta baya. Sannan ki duba rimot ɗin hom tiyatar, in siririn nan ne mai batir kamar kwabo, ki naɗe murfinsa da salatif ki ajiye shi sama. Yaro in ya haɗiye wannan batir yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa 2. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, asibiti za a nufa nan take, ba a jira a ga ko zai fito ba, ba a kuma sa shi amai.

Inda aikinki ya tsaya shi ne murfin na'urar. In kin ji ƙauri, ko kin ga hayaƙi, ko ruwa ya zuba a ciki, ko jikinta na jan mutum, ko ta ƙi kawo wuta bayan kin gwada wani soket, ki zare fulogi ki bar ta. Kar ki kwance ta, akwai sassan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare. Ki nemo rasit da takardar garanti, domin in an buɗe ta a wani wuri masu kayan ba za su karɓa ba. Kafin a cire wayoyi a tafi da ita ki ɗauki hoton bayanta da wayar salularki, kuma uwar na'urar da rimot kawai za a kai, sifikokin su zauna a inda kika kafa su.